Jini Biyu a Riga Ɗaya

Na san abin da ake faɗa a kaina a Diggi, kuma na san ya iso kunnuwanku. An ce ni ce tsohuwar da ta tono abin da aka riga aka manta, ta raba zumunci, ta kashe auren 'yarta, ta kai dattijo mai furfura gidan yari. Ba zan musa ko ɗaya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar ku da rabin labari, ku 'ya'yana da jikokina, alhali ni da abin ya faɗa wa ina da sauran numfashi, hannuna kuma yana iya riƙe alƙalami. Ku ji daga bakina. Wanda ya gama ji ya ga har yanzu ni ce mai laifi, ya tafi da ra'ayinsa, ba zan bi shi da roƙo ba.

Ni Kulu ce, haifaffiyar Gwandu. Aure ne ya kai ni Diggi a ƙasar Kalgo, gidan manoman shinkafa. An tarbiyyantar da mu a kan mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kuma na kiyaye wannan duk rayuwata, amma a takardar nan zan rubuta kowa da sunansa don kada wani ya ce bai gane wanda nake nufi ba. Mijina Umaru ne. Su biyu ne maza a wurin iyayensu, shi da wansa Garba, wanda nake kira Yaya. Gida ɗaya muke zaune, zana ce kawai ta raba sassanmu, kowa da tukunyarsa amma rumbu ɗaya. Fadamar da mahaifinsu ya bari ba a raba ta ba. Yaya Garba ne ke riƙe da ita a matsayinsa na babba, shi ke cewa a shuka nan a bar can, shi ke buɗe rumbu ya rufe. Umaru mutum ne mai sanyin hali, amma a shekararsa ta ƙarshe ya fara cewa lokaci ya yi da za a kira malamai a raba gado, kowa ya san nasa. Na jiyo su suna maganar a zaure sau biyu ko uku, ba tare da ɗaga murya ba, ban kuwa ɗauke ta a bakin komai ba.

A ƙarshen layinmu akwai wani malamin firamare, Malam Bitrus, Kirista daga kudancin Kebbi, shi da matarsa Rifkatu. Shi da Umaru sun shaƙu ƙwarai, har Umaru ya yanka masa ɗan gefen fadama yana noma abin da zai ci. Rifkatu kuwa ƙawata ce. Ranar da na haifi Rabi, 'yata ta fari, ita ce ta riƙe ni har ungozoma ta iso.

Lokacin yankan shinkafa ne. Rabi tana da shekara shida, ni kuma ina ɗauke da cikin Maryam wata bakwai. Umaru ya dawo daga sallar asuba, ya sha kunu, ya ɗauki lauje ya nufi fadama. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji ihu daga bakin gari. Na fito ko mayafi ban ɗauka ba. Malam Bitrus ne ke tafe yana tangaɗi, goye da Umaru a bayansa, farar rigarsa ta makaranta ta rine da jini. Ya ce ya biya ta gefen gonarsa kafin ya wuce makaranta, sai ya tarar da shi kwance cikin shinkafa da rauni a ƙeya, ya ɗauko shi yana tsammanin da sauran rai. Babu rai. Ya sauke shi a ƙofar gidanmu yana kuka kamar ƙaramin yaro. Jama'a suka taru, aka fara ƙus-ƙus, wani ya ce me ya kai malamin makaranta fadama da sassafe. Can sai ga Yaya Garba. Ya zauna a ƙasa kusa da gawar, ya rufe fuska, ya daɗe a haka. Da ya ɗago, magana ɗaya ya yi.

"Ni dai na sha gaya wa ƙanena ya yi hankali da baƙo."

Wannan maganar ce ta gama da Malam Bitrus. Kafin azahar an tafi da shi. Washegari Rifkatu ta shigo ɗakina, ta ratsa matan da suka zo gaisuwa, ta durƙusa ta kama ƙafata.

"Kulu, kin san shi. Kin san ba zai iya ba. Ki faɗi kalma ɗaya kawai, za su saurare ki."

Na janye ƙafata, na juya fuskata ga bango, na ce ta fita mini daga ɗaki. Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana, domin shi ne laifin da na sani na gaske. Shekara bakwai Malam Bitrus ya yi a tsare yana jiran shari'ar da ba a taɓa kammalawa ba. Daga baya aka sake shi saboda babu hujja, amma ba wanda ya ce ba shi ya yi ba. Aikinsa ya tafi, iyalinsa sun koma garinsu tun da wuri, kuma a Diggi har yara sun tashi da sanin cewa malamin nan ne ya kashe Umaru.

Da aka yi wa Umaru wanka, an kawo mini kayan jikinsa a cikin kwano aka ce in sa a binne su. Ban iya ba. Na shanya rigar a cikin ɗaki inda ba mai gani har ta bushe, na naɗe ta cikin takarda, na sa a ƙasan akwatin ƙarfe na lefena. Ba dabara ba ce, kuma ba wani hange na yi ba. Ita ce abu na ƙarshe da ya taɓa jikinsa yana da rai, shi ke nan. Na lura da wani tabo a kafaɗar rigar, dabam da na wuya, kamar shatin yatsu, na ce a raina wurin ɗaukarsa ne aka dafa shi.

Bayan na haihu na fita takaba, na koma gidanmu a Gwandu da 'ya'yana biyu, na kama sana'ar turara shinkafa ina sayarwa. Zan faɗi gaskiyar Yaya Garba kamar yadda zan faɗi ta kowa: bai taɓa barin mu da yunwa ba. Shi ya yanka ragon sunan Maryam. Duk kaka buhunan shinkafa na isowa Gwandu, duk salla ga ɗinkin yara. Mutane suna misali da shi, ni ma ina sa masa albarka bayan kowace salla. Da Rabi ta girma, ita da ɗansa Nasiru suka daidaita kansu, ya zo da kansa ya nema masa aurenta, na yi farin ciki har da hawaye. Na ce 'yar Umaru ta koma gidan ubanta. Suka haifi 'ya'ya huɗu, ku ke nan da nake rubuta wa wannan takarda fiye da kowa.

Sai dai akwai tambayar da ta ƙi barina duk tsawon shekarun nan. Ina cikin juya shinkafa a kan tabarma sai ta faɗo mini: wane irin mai kisa ne zai goya wanda ya kashe, ya ratsa gari da shi da rana tsaka yana kuka? Nakan kore ta da istigfari, ta tafi, ta dawo.

Maryam ita ce ta yi karatu mai zurfi. Ta karanci aikin gwaje-gwajen jini, ta samu aiki a wani asibiti a Birnin Kebbi. Shekara ashirin da uku bayan rasuwar mahaifinta, ta zo hutu ta same ni na fito da kayan akwatin ina shanyawa saboda asu. Ta ga ƙunshin takardar ta kai hannu, na daka mata tsawa. Ta tsaya tana kallona. Ita ba ta taɓa ganin ubanta ba, ko hotonsa ɗaya ne tak a gidan. Sai na ga ba ni da ikon hana ta, na warware mata. Ba ta taɓa rigar ba. Ta durƙusa ta daɗe tana dubanta, musamman wurin kafaɗar nan.

"Inna, ruwa ya taɓa taɓa ta?"

"Ko sau ɗaya."

"Wa ya taɓa riƙe ta ban da ke?"

"Ba kowa. Mi kike nema?"

Sai ta zauna ta yi mini bayani a hankali. Ta ce a jikin kowane ɗan'adam akwai wani rubutu da Allah Ya yi masa, a jininsa da yawunsa da gashinsa, wanda ba ya zama ɗaya da na wani. Rabinsa daga uwa, rabinsa daga uba. Ta ce yanzu akwai masu ilimin karanta shi, ana kiransa gwajin ƙwayar halitta, 'yan boko na cewa DNA, kuma idan jini ya bushe bai jiƙe ba, yakan riƙe rubutunsa shekaru masu yawa. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, mai yiwuwa zafi ya lalata shi. Amma idan mai kisan ya ji rauni ya bar nasa jinin a rigar, to ana iya sanin ko na Malam Bitrus ne ko na wani.

Kwana uku ina juya maganar. A rana ta huɗu na shiga mota zuwa Diggi, domin a ganina bai dace in yi irin wannan abu ba tare da babban gida ya sani ba. Na sami Yaya Garba a zaure yana jan carbi. Bayan gaisuwa na gaya masa komai, ina tsammanin zai ce Allah Ya yi wa Maryam albarka. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Wace riga?"

"Wadda anka kashe shi da ita, Yaya."

"Ashe ba a binne ta ba?"

"Tana wurina."

Ya sassauta murya. Ya ce wanda ya mutu ya mutu, Allah Ya riga Ya hukunta, tone-tone ba halin musulmi ba ne. Ya ce ajiye jinin mamaci a ɗaki ba kyau, in kawo masa rigar ya sa a binne ta yadda ya kamata. Na ce zan yi tunani. Kafin in kai ƙofa ya sake cewa in kawo ta. Kwana biyu bayan na koma Gwandu ya aiko a karɓa, na ce ban gama tunani ba. Ya sake aikowa. Mutumin da bai taɓa tambayata ko allura ba, ga shi ya aiko sau biyu a mako ɗaya saboda tsohuwar riga. Ban zarge shi ba a lokacin, wallahi ban zarge shi ba, amma abin ya tsaya mini a rai, kuma ni tun ina yarinya idan aka matsa mini in saki abu, sai in ƙara riƙe shi.

Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi ko abin da nake shirin yi jayayya ce da ƙaddara. Ya tambaye ni ko za a buɗe kabari, na ce a'a. Ya ce to neman gaskiya a kan jinin da aka zubar ba saɓo ba ne, kuma idan akwai wanda aka ɗora wa laifin da bai yi ba, wanke shi wajibi ne a kan duk mai iko. Ya ƙara da cewa in shirya, domin amsar ba lallai ta zo yadda nake so ba. Maryam ta samo lauya, aka rubuta wa hukuma, aka zo aka karɓi rigar a gaban shaidu aka rufe ta cikin leda da hatimi. Aka goga auduga a cikin bakin Maryam don a gane wanne ne jinin ubanta. Aka aika duka wani ɗakin gwaji a Legas. Muka zauna jira har damina ta shiga ta fita.

Ranar da amsa ta zo, ina tsakar gida bayan la'asar ina tsince shinkafa. Maryam ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa, ta zauna a kan turmi ba ta ko cire takalmi ba.

"Inna, jini biyu ne a rigar."

"Ina jin ki."

"Na wuya na Baba ne. Na kafaɗa na wani namiji ne daban." Ta ɗago ta dube ni. "Sun ce mai jinin nan da Baba uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Na ci gaba da tsintar shinkafa, hannuna yana aiki shi kaɗai. Umaru ɗan'uwa namiji ɗaya gare shi a duniya. Sai wani abu da na manta shekara ashirin da uku ya dawo mini sarai kamar jiya: a zaman makoki, hannun daman Yaya Garba naɗe yake da tsumma, yana karɓar gaisuwa da hagu. Ya ce lauje ne ya yanke shi wurin yankan shinkafa. Ni da kaina, ina cikin takaba, na aika masa da man shanu ya shafa.

Maryam ta matso ta riƙe hannuna. Ta ce har yanzu abin yana tsakanin mutane kaɗan, kuma lauya ya ce idan iyalan mamaci ba su matsa ba, takardar za ta iya kwanciya a ofis kamar yadda ta shari'ar Malam Bitrus ta kwanta. Ta ce in tuna da Yaya Rabi. Na ce na tuna da ita tun kafin ta rufe baki. Na sa aka kira mini Rabi ita kaɗai, domin ba zan bari ta ji a bakin duniya ba. Ta zo washegari da goyo. Na gaya mata. Ta ce ƙarya ne, injin Legas bai san Baffa ba. Na tuna mata da tabon da ke tafin hannunsa, wanda ta sha gani idan ta kai masa ruwan alwala. Sai ta fashe da kuka, ta daɗe tana yi. Da ta tsagaita, ga abin da ta ce:

"Inna, ɗiyana fa? A ce kakansu ya kashe kakansu? Wa zai auri ɗiyata? Don Allah ki bar wa Allah. Baba ba zai dawo ba."

"Ba zai dawo ba," na ce mata. "Amma akwai mutum mai rai da ke yawo da sunan mai kisa, shi ma yana da ɗiya."

"To ki zaɓa, Inna. Ko ni ko wani baƙo."

Na dube ta. Ita ce 'yar da ban taɓa kiran sunanta ba don kunya, wadda nake ɓoye son da nake mata kamar yadda aka koya mana. Na ce mata ba zaɓi nake yi tsakaninta da kowa ba. Na taɓa yin shiru sau ɗaya aka ɗaure mutum shekara bakwai, ba zan yi na biyu ba ko da duk duniya za ta juya mini baya. Ta gyara goyonta ta fita ba sallama.

Da labari ya isa Diggi, dattawan dangi suka kira ni zama. Na je da Maryam. Zauren ya cika da maza, aka shimfiɗa mana tabarma a bakin ƙofa. Yaya Garba yana can ƙurya, kansa a sunkuye. Ba wanda ya tambaye shi ko ya yi ko bai yi ba, daga nan na gane sun riga sun sani. Babban cikinsu ya yi doguwar nasiha a kan zumunci da rufin asiri. Ya ce an yanke shawara za a raba fadama a ba 'ya'yan Umaru rabon ubansu, a yi addu'a, a rufe maganar a cikin gida. Ya ce abin da ya rage kawai in janye daga hukuma.

"Malam Bitrus fa?" na tambaya.

"Wanga mutum ai an sake shi tuntuni. Mi kike so kuma?"

"Ina son a faɗa da baki, a gaban alƙali, cewa ba shi ya yi ba. A faɗi wanda ya yi."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce boko ya lalata 'yar, 'yar kuma ta lalata uwar. Wani ya ce mace ba ta tsayawa ta yi wa maza gardama a zauren mijinta. Na ce zauren mijina ne kuwa, shi ya sa na tsaya. A nan ne Yaya Garba ya ɗago kai, karo na farko, ya dube ni.

"Kulu, shekara ashirin da uku ina ciyar da ɗiyanki."

"Da shinkafar ubansu, Yaya."

Na tashi na naɗe musu tabarmarsu na jingine, muka fito.

Kotu ta ba da umarni a gwada shi. Aka goga auduga a bakinsa kamar yadda aka yi wa Maryam, amsa ta dawo cewa jinin kafaɗar rigar nasa ne. Da aka karanta masa, bai ƙara wahalar da kowa ba. Ya ce a safiyar nan ya tarar da Umaru a fadama, Umaru ya gaya masa ya riga ya yi wa malamai magana za su zo ranar Juma'a a raba gado. Magana ta yi zafi, suka kama kokawa, laujen Umaru ya yanke shi a tafin hannu. Da Umaru ya juya zai tafi, sai ya ɗauki ƙotar fartanya ya buga masa a ƙeya. Ya ce bai yi nufin kisa ba. Ya kama kafaɗarsa ya jijjiga shi, ya ga ba motsi, ya zaga ta bayan gari ya koma gida. Alƙali ya tambaye shi dalilin da ya sa ya jefa wani cikin abin. Ya ce tsoro ne, kuma da maganar ta fita daga bakinsa bai san yadda zai mayar da ita ba. Da aka tambaye ni abin da nake nema, na ce ba na neman ransa, ina neman a rubuta gaskiya. Aka yanke masa ɗauri. Bai cika shekara biyu a can ba ciwo ya kama shi ya rasu. Na yi masa addu'a, ban je gaisuwa ba, domin an aiko mini cewa kada in zo.

A makon da aka yanke hukunci Nasiru ya saki Rabi. Ban ce shi mugu ne ba, dangi ne suka tsaya masa a kai. Na gyara mata ɗaki a Gwandu, na sa sabon labule, ba ta zo ba. Ta wuce Kalgo wurin gwaggonta, can take har yau. Idan na yi rashin lafiya takan tambayi Maryam yaya jikina, amma ba ta taka ƙofata ba. Kada wani ya gaya muku abin bai dame ni ba. Akwai ranakun da nake dafa abinci in zuba kwano biyu ban sani ba.

Da takardar hukunci ta fito, na ce wa Maryam ta kai ni wurin Malam Bitrus. Tafiya ce ta yini guda zuwa kudu. Muka same shi a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar gatari, ya tsufa fiye da shekarunsa, ido ɗaya ya yi fari. Rifkatu ta rasu shekara huɗu kafin nan. Ya gane muryata tun daga sallama. Na durƙusa a ƙasa a gabansa, ni da ban taɓa durƙusa wa namijin da ba ubana ko mijina ba, na gaya masa komai, na nemi gafararsa. Ya saurara har ƙarshe, ya sa aka kawo mana ruwa.

"Maman Rabi, tashi. Na yafe miki, Rifkatu ma ta yafe miki kafin ta tafi. Amma ba ni za ki gaya wa ban yi kisa ba. Ni na sani tun ranar. Mutanen Diggi ne ba su sani ba."

"Sun sani yanzu, Malam."

"Sun ji a bakin kotu. Ina son in tsaya a garin da ƙafata a faɗa ina ji."

Haka aka yi. Ranar kasuwa muka sauka a Diggi, ni da shi da Maryam da babban ɗansa. Muka tsaya a bakin hanya inda jama'a suka fi yawa. Ban taɓa ɗaga murya a kasuwa ba sai ran nan. Na ce ni ce Kulu matar Umaru, wannan kuma Malam Bitrus ne da ya koyar da 'ya'yanku, bai kashe mijina ba, goya shi ya yi don ya cece shi, mu kuma muka saka masa da ɗauri, ni ce ta farko a cikin masu laifin. Na maimaita har sau uku, ina juyawa kowane ɓangare. Wasu suka kau da kai, wasu mata suka ja mayafi suka wuce, wani ya yi tsaki. Muka tsaya a rana ba wanda ya matso. Can wani mai sayar da kifi, mutum mai gemu da furfura ta fara fito masa, ya bar tirensa ya taho, ya cire hula ya durƙusa.

"Malam, barka da zuwa. Ni ne Shehu na aji huɗu."

Malam Bitrus ya dafa kansa. Bayan Shehu wasu biyu suka zo, sannan wani tsoho ya aiko da kujera. Ba su da yawa, ba zan ƙara musu yawa don labari ya yi daɗi ba. Amma ya zauna a kan kujerar nan a tsakiyar kasuwar Diggi har la'asar, yana amsa gaisuwa.

Yanzu ku, 'ya'yan Rabi. Umaru kakanku ne, Garba ma kakanku ne, ba wanda zai cire muku ɗaya daga jiki, kuma ba ku da laifin komai. Ban hana ku ziyartar kabarinsa ba, ban hana ku roƙa masa gafara ba, ni ma ina roƙa masa. Ku gaya wa uwarku ɗakinta yana nan, ba sai ta ba ni haƙuri ba, amma kada ta jira ni ma in ba ta haƙuri a kan wannan, domin ba zan bayar ba. Abu ɗaya nake nema a wurinku. Wata rana wani zai tambaye ku wa ya kashe Umaru na Diggi, kuma za ku ji sauƙin ku ce abu ne da ya daɗe, ba a sani ba. Kada ku faɗi haka. An sani.